Bajoga biyu a jiha ɗaya: yadda kayan Sallar wata mai ɗinki suka tafi inda ba a aike su ba

A jihar Gombe Bajoga biyu ce, kuma ba kowa ya san haka ba sai wanda ya zauna cikin garin Gombe. Akwai Bajoga gari, hedikwatar ƙaramar hukumar Funakaye, wadda ake bi ta Malam Sidi a je, daf da Ashaka inda kamfanin siminti yake. Sannan akwai Bajoga unguwa a cikin garin Gombe kanta, ɗaya daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, tare da su Ajiya, Dawaki, Herwagana, Jekadafari, Kumbiya-kumbiya, Shamaki, Pantami, Nasarawo da Bolari ta gabas da ta yamma. Tsakanin biyun tafiyar awa ɗaya ce ko fiye a mota, gwargwadon halin hanya. Lamarin da zan warware a nan ya faru ne da Addata, wato yayata mace, ɗiyar Bappana, wadda take ɗinki a gida a Bajoga ta cikin gari, kuma na bi shi tun daga farko har inda aka tsaya, shi yasa nake ganin ya isa a zauna a duba shi da kyau don ba ita kaɗai irin wannan yake cinyewa ba.

Yadda abin ya faru

Duk wanda ya san mai ɗinki ya san azumi shine kakarta, abin da za ta samu a watan nan wani lokaci ya fi na wata uku. Adda tana da yara 'yan mata masu koyo a wajenta, kuma wasu kastomominta ba ɗinki kawai suke kawowa ba, kuɗi suke ba ta su ce ta zaɓo musu atamfa ko leshi ta ɗinka gaba ɗaya sabida sun yarda da idonta. Toh da azumi ya yi nisa sai ta haɗa kuɗin mutane da nata ta yi odar kaya wajen wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari a Kano wanda ta saba saye a wajenshi ta WhatsApp, turamen atamfa, leshi, shadda ta yara maza, harda zare da duwatsun ado. Ta tura kuɗi ta banki, ya tura mata hoton kayan an jera, komai lafiya lau. Da ya tambayi inda za a kai sai ta yi mishi saƙon murya ta ce, "Alhaji a rubuta Bajoga, nan cikin Gombe, in sun iso su kira ni zan tura yaro." Wannan saƙon yana nan har yanzu a wayarta, na saurare shi, kuma a nan ne matsalar ta fara duk da ba wanda ya lura a lokacin.

Yaron shagon ya ɗure kayan a buhu, ya naɗe da salatif, ya ɗaure da igiya, ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta sunanta da manyan baƙi, a ƙasa ya sa "Bajoga, Gombe", sai lambar waya. Ya kai tasha. Ɗan kamasho ya duba buhu ya ga Bajoga, akwai motar da za ta yi wajen Bajoga da Ashaka tana cikin lodi, ya ce a sa a nan. Aka biya kuɗin saƙo, aka ba yaron lambar direba, Alhajin ya turo wa Adda lambar ya ce kaya sun taso.

Da yamma ta kira direban, ya ce "Hajiya na kusa Bajoga, in na iso zan kira ki." Ta ji daɗi. Bayan an sha ruwa ya kira ya ce ya iso yana tasha a turo a karɓa. Ta ce wace tasha? Ya ce "tashar Bajoga mana Hajiya." Anan ne kuskure na biyu ya hau kan na farko, domin a kunnen ɗan garin Gombe in ka ce tashar Bajoga abin da zai fahimta shine wurin da motocin zuwa Bajoga suke lodi a cikin Gombe, kaman yadda muke cewa tashar Dukku ko tashar Bauchi alhali duk a Gombe suke. Ta sa ɗanta ya hau acaɓa ya tafi can. Yaro ya zaga, ya tambayi 'yan yuniyon, ya duba ofishin ajiyar saƙo, ba buhu ba labarin buhu. Ya kira direba, direba ya ce gani nan fa a bakin tasha kusa da mai shayi, yaro ya ce nima gani a gaban mai shayi, kowa yana ganin ɗan uwanshi ne bai iya duba wuri ba, har direban ya fara faɗa ya ce shi ya gaji tun asuba yake tuƙi da azumi a bakinshi, zai bar kayan a ofishin tasha gobe su zo su ɗauka. Ya kashe waya.

Washegari wayar direba ba ta shiga, ya kama wata hanyar. Su kuma mutanen tashar can garin Bajoga da suka ga buhu ya kwana ba a zo ba sun yi ƙoƙari wallahi, sun gwada kiran lambar da ke jiki, amma igiyar da aka ɗaure ta bi ta kan lambobi biyu na tsakiya ta goge su. Haka kaya suka zauna a lungun ofis, ita kuma Adda tana nan tana tura yaro tasha-tasha a cikin Gombe, tana kiran Alhaji a Kano yana ce mata shi dai ya sa kaya a mota, har zuciyarta ta fara raya mata ko direban ya gudu da su ne.

Wanda ya kwance ƙullin shine yayanta. Da wayar direban ta shiga bayan kwanaki, Adda ta miƙa mishi ta ce "Hamma don Allah ka yi magana da shi, ni na rasa yadda zan yi." Bai yi faɗa ba, ya ce Malam ka yi haƙuri, kwatanta min inda ka ajiye, me da me ke kusa da wurin. Direba ya fara kwatance har ya ce ai ba za ku ɓata ba, nan ne kan hanyar da tirelolin siminti suke wucewa in sun fito daga Ashaka. Hamma ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, "Malam, wai wace Bajogar kake nufi?" Direba ya ce Bajoga nawa ce? Sai a lokacin kowa ya gane.

Abin da aka yi asara

Kayan an same su, ba a taɓa komai ba, wannan kam dole a yaba wa mutanen tashar. Sai dai buhun ya yage ta gefe ɗaya kuma an jingina shi kusa da jarkar baƙin mai, turmi biyu suka ɓaci. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar asarar lokaci ce, domin kayan sun shigo hannunta ana cikin goman ƙarshe, ga ɗinkunan da ta riga ta karɓa sun taru, ga wuta ba tabbas sai an tada janareta. Na shiga gidan a daren jajiberi na tarar da yaran nan uku kowacce a kan keke, ɗaya tana gyangyaɗi tana taka keken, Adda na zaune a ƙasa kan tabarma tana yanka da almakashi, ga allura a bakinta, ga mata biyu zaune a tsakar gida da 'ya'yansu suna jiran a gama musu. Duk da haka wasu ba a gama ba sai bayan Sallah. Wata mata da ta ba da kuɗin kayan yaranta huɗu ta zo ta karɓi kuɗinta ta je ta sayi na kanti, ta tafi tana cewa ita dama an faɗa mata kar ta ba tela kuɗi a hannu. Wannan maganar ta fi asarar turamen yi wa Adda ciwo, domin mai ɗinki a gida ba ta da allo ba ta da talla, amanar da ake ba ta ita ce jarinta.

Laifin wa?

Da aka zo maganar wa zai biya, kowa yana da hujja kuma hujjar kowa tana da ƙarfi. Alhajin Kano ya ce abin da aka faɗa mishi ya rubuta. Ɗan kamasho ya ga Bajoga ya sa a motar Bajoga. Direba ya ce an ce ya kai Bajoga ya kai Bajoga, ya ma kira ya sanar. Adda ta ce ai ta faɗa da bakinta, cikin Gombe. Toh amma cikin Gombe ɗin nan shine inda gizo ke saƙar, a wajenta cikin Gombe na nufin cikin gari, a wajen Bakano kuwa Gombe jiha ce, tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da gwamnatin Abacha ta cire ta daga jihar Bauchi sunan ya zama na gari kuma na jiha, kuma Bajoga gari ai cikin Gombe take in jiha ake nufi. Ba wanda ya yi ƙarya.

A ganina direban ne mafi ƙarancin laifi, sai dai kashe waya da ya yi cikin fushi, da ya ƙara minti biyu suna kwatance da yaron da tun daren farko an gane. Alhaji kuma yana da nashi kaso, mutumin da kullum yake tura kaya jihohi ya kamata ya saba tambayar gari ne ko unguwa, kuma ya rubuta lamba a wuri biyu. A ƙarshe shi ya yarda ya canza turmi ɗaya ya kuma biya rabin kuɗin motar da aka je ɗauko kayan, Bappa ya ce a bar maganar haka tunda ba da gangan aka yi ba, aka bari.

Amma in ka tsaya a kan mutum huɗun nan ba ka ga lamarin ba. Asalin abin shine yadda muke ba da adireshi, an gina shi ne don mutum mai ƙafa da baki. Da can in za ka je wajen wani sai a ce ka sauka unguwa kaza ka tambayi gidan wane, kuma za ka samu, shi yasa ake cewa matambayi ba ya ɓata. Yanzu kuwa kaya ne suke tafiya ba mai su, daga hannun yaron shago zuwa kamasho zuwa direba zuwa ofishin tasha, kuma buhu ba ya tambaya, abin da aka rubuta a jikinshi shine iyakar abin da ya sani. Kasuwanci ya koma waya, mata da yawa a Gombe da Bauchi suna saro kaya daga Kano da Legas ba tare da sun taka tasha ba, amma adireshin namu yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Me yasa sunayen suke maimaituwa haka?

Ba haɗari ba ne, kowane irin maimaici yana da dalilinshi. Na farko suna yana bin mutane in sun tashi. Ita kanta Gombe da muke ciki ba ita ce Gombe ta farko ba. Masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa a zamanin jihadi hedikwatarta Gombe Abba ce, can ƙasar Dukku a bakin kogin Gongola, Turawa suka maida ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita nan Doma, sunan ya biyo sarki, har yau tsofaffi suna cewa Gombe Doma in suna son bambancewa. Kenan garin namu ma sunan wani gari yake ɗauke da shi.

Na biyu akwai sunayen fata nagari da kowa yake so wa sabon mazauni. Nasarawo tana Gombe, tana Bauchi harda ƙofarta, tana Adamawa, ga Nassarawa ta Kano, ga jihar Nasarawa da aka ƙirƙira rana ɗaya da tamu. Yelwa tana Bauchi, kuma a Bauchin ma ba ɗaya ba ce sai ka ce Yelwan Tudu ko Yelwan Makaranta, ga Yelwan Shendam a Filato ga ta Yawuri a Kebbi. Dadin Kowa tamu mai dam a Yamaltu Deba, Jos ma tana da tata. Tudun Wada kam ba a magana, Gombe, Kaduna, Zariya, Jos, Gusau, a Kano ma har ƙaramar hukuma ce.

Na uku tsarin Turawa ne. Su suka ware Sabon Gari don baƙi 'yan kudu da suka biyo jirgin ƙasa, na Kano an kafa shi a 1913, suka kuma ware wa kansu GRA, shi yasa kusan duk babban garin arewa za ka samu waɗannan. BCGA da muke da ita a Gombe sunan kamfanin auduga ne na Ingila da aka kafa a 1902, a wasu wuraren da ya kafa injin gurzar auduga sunan ya manne wa wurin, Funtuwa ma akwai. Bayan 'yanci gwamnati ta ɗora nata, Federal Low Cost tana Gombe tana Bauchi, sai titunan tunawa da shugabanni, Ahmadu Bello Way a Bauchi da Kaduna da Jos da Abuja da Legas, Murtala Muhammed Way kusan ko'ina bayan kashe shi a watan Fabrairun 1976.

Sai na huɗu wanda shine ya kama ɗan Adda, sunan da ya danganta da inda kake tsaye. Hanyar da mu a nan muke ce wa Bauchi Road in ka isa Bauchi sunanta Gombe Road, hanya ɗaya suna biyu, sannan Jos ma tana da Bauchi Road nata daban, suna ɗaya hanya biyu. Haka tashoshi. Haka gada, garin Gombe kwari ya ratsa shi ta ko'ina kuma kusan kowane kwari da gadarshi, amma kullum za ka ji mutum a waya yana cewa ina bakin gada, kaman guda ɗaya ce a garin. Gadar Dindima ko ta Gombe Abba su ne ma masu sunan da ba a rikitawa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Gadar Landan ma biyu ce, tsohuwar an sayar da ita a 1968 aka kwashe duwatsunta aka sake gina ta a jihar Arizona ta Amurka aka buɗe a 1971, aka gina sabuwa a Landan da suna ɗaya. Kinshasa babban birnin Kwango akwai unguwa mai suna Gombe, Tanzaniya akwai gandun daji mai suna Gombe, kusa da mu kuma ga Gombi ta Adamawa da harafi ɗaya ya raba mu. Bambancin kawai a ƙasashen da saƙo ba ya ɓata, suna ba shi kaɗai yake ɗaukan nauyi ba, akwai lambar gida da lambar yanki a bayanshi. Mu ma muna da lambar gidan waya mai lamba shida, ta Gombe tana farawa da 76 ta Bauchi da 74, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a tasha suka taɓa rubuta ta a jikin buhu?

Maganar canza suna

Da ake tattauna abin a gidan Bappa wani ƙanenmu ya ce shi a ganinshi a canza wa unguwar suna kawai a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Na farko ba zai yi aiki ba, kamfanin BCGA ya daɗe da zama tarihi amma ka hau acaɓa ka faɗi sunan ka gani ko zai tambaye ka ina ne, suna in ya zauna a bakin mutane takardar gwamnati ba ta tumɓuke shi. A Legas an taɓa maida Broad Street ta zama Yakubu Gowon Street, bayan an sauke shi aka koma wa tsohon sunan. Abin da canjin zai haifar shine unguwa ɗaya mai suna biyu, na takarda da na baki, rikicin ya ninka. Na biyu sunayen nan su ne ɗan tarihin da ya rage mana a fili. Yaron da ya tashi a Ajiya ko Shamaki ko Dawaki in ya tambayi dalilin sunan dole a ba shi labarin sarauta da yadda gari ya zauna, wanda ya ji Bajoga in ya bi diddigi zai kai ga Mbormi da ke kusa da ita, inda Turawa suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a watan Yulin 1903. Ba na son a goge irin wannan don buhu ya ɓata.

Abin da ya kamata a ƙara ne ba a rage ba. Wasu suna cewa a rinƙa rubuta ƙaramar hukuma, yana taimakawa, da an saba rubuta Funakaye a kayan can, da rashin ganinta a jikin buhun ya sa an gane, amma shi ma bai isa shi kaɗai ba tunda garin Gombe ya riga ya fantsama ya fita daga ƙaramar hukumarshi, Tumfure misali kowa ya san cikin gari ce amma a ƙasar Akko take, in ka rubuta Akko kawai wani zai kai maka kaya Kumo. Tura lokeshan ta WhatsApp yana da kyau in direban yana da babbar waya da data, da yawansu kuwa ƙaramar waya ce a hannunsu. Hukumomin tsara birni su ne da babban aiki, alluna a bakin layuka da lamba a jikin gidaje, ba a GRA kaɗai ba harda tsofaffin unguwanni inda mutane suka fi yawa, kuma a sa sunan da mutanen layin suke kira ba wanda aka zaɓo a ofis ba.

Kafin wannan ya samu, wurin da gyara ya fi sauƙi shine tasha, tunda duk saƙo ta nan yake bi kuma dama akwai littafin da ake rubuta shi. Ciyaman na tasha zai iya cewa daga yau ba a karɓan kaya sai an cike abu huɗu, garin da za a sauke, unguwa, lambar mai karɓa, da lamba ta biyu ta wani nashi, kuma mai karɓan saƙon ya kira lambar a gaban mai kawowa ya ji ta shiga kafin a ɗora a mota. Kiran minti ɗaya ne. Adda dai yanzu ba ta yin saƙon murya in maganar adireshi ce, rubutawa take yi, "Gombe cikin gari, unguwar Bajoga, BA Bajoga ta Ashaka ba", ta sa lambarta da ta Hamma, ta ce a rubuta a gefe biyu na buhun sannan a turo mata hoto kafin a kai tasha. Alhajin ma ta ce ya fara tambayar kastomominshi na Bauchi ko Jahun ta cikin gari suke nufi ko ta Jigawa. Matar da ta karɓi kuɗinta kuwa ba ta dawo ba, Babbar Sallah ma wani wajen ta kai ɗinkinta.